Sharhi: Mai wa'azin da bai san gidan ubansa ba

Jama'a, yau za mu duba yadda Turawan mishan suka koyar da masu wa'azi a ƙasarmu.

Mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram a 1924. Daga baya ya kafa gida a Tsibirin Gobir, kusa da Maraɗi, har ya iso Geshemen Arewa. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa. Da harshen Hausa suka koya wa ɗalibansu karatu da rubutu. Wannan abin yabo ne.

Amma akwai gyara. Ɗalibi ya fito daga ƙasar Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji da dutsen Tunguma. Malaminsa Bature ya tattara wannan duka ya kira shi aikin Shaiɗan. To, yaro ya gama karatu, ya san sarakunan Bani Isra'ila ɗaya bayan ɗaya. Tsoho a Matankari ya tambaye shi dalilin yankan da ake yi kafin shuka, sai ya yi shiru. Yaya tsohon zai saurare shi?

An taɓa irin wannan gardama a ƙasar Sin. Can akwai wani malami, Konfushiyus, wanda aka haifa shekara 551 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya koyar da biyayya ga iyaye da girmama kakanni. Wani mompera, Matteo Ricci, ya zauna ya karanta littattafansu, ya ce girmama kakanni ladabi ne, ba bautar gumaka ba. Fafaroma ya hana a 1742. Sai a 1939 Roma ta sassauta. A shekara ta 2000, Robert Neville, fasto kuma shugaban makarantar koyon addinin Kirista a Jami'ar Boston ta Amurka, ya buga littafi, ya ce shi Kirista ne, kuma almajirin Konfushiyus.

Ba mu ce a gauraya addini da addini ba. Kowa da abin da ya gaskata. Amma alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin kowa. Makarantar da ke horar da mai wa'azi, ta fara koya masa tarihin mutanensa, daga bakin tsofaffi. Bayan haka ya ɗauki na ɗauka, ya bar na bari, bisa sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ku tattauna wannan a ajinku, ku rubuto mana ra'ayinku.