Wa'azin "yaga takardar": inda ya dace da inda ya kauce

 

Tun da aka fara yankan riɗi bana wani wa'azi yake yawo a wayoyin mutane ta WhatsApp, daga nan Basunda har Doka da Gallabat. Ba za mu ambaci sunan mai shi ba, domin da maganar muke. Abin da ya ce a taƙaice: duk takardar da hukuma ta aiko maka cewa ana bin ka kuɗi a kan amfanin gona zalunci ce, ka yaga ta, ka ɓoye hatsinka, ka fitar da zakkarka da hannunka. Ya jingina maganar ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da littafinsa Kitabul Farƙi.

Da mun yi shiru, sai ga wani dattijo cikin masu salla a bayanmu ya zo bayan La'asar da takarda a yage gida huɗu. Adadin da aka rubuta masa ya fi abin da ya girbe, ya ji wa'azin, ya yi abin da aka ce. Yanzu yana son kai dawarsa kasuwar Gadarif, ba shi da shaidar biya, ba shi kuma da takardar da zai kai kuka da ita. To kun ga magana ta bar waya ta shigo rumbu, dole a yi bayani.

Mu fara da gaskiyar da ke cikin wa'azin. Haƙiƙa Shehu, Allah ya jiƙansa, ya soki sarakunan Hausa na zamaninsa a kan kuɗaɗen da suke ɗora wa talakawa ba bisa shari'a ba, kamar jangali da kuɗin gari. Haƙiƙa kuma musulmi ba a umarce shi ya miƙa duk abin da aka nema ido rufe ba. A cikin wasiƙar zakka da Sayyidina Abubakar ya rubuta wa Anas, wadda Bukhari ya ruwaito, an bayyana cewa wanda aka nemi zakka gare shi bisa ƙa'ida ya bayar, wanda aka nemi ƙari kuma kada ya ba da ƙarin. Da Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, zai aika Mu'azu Yaman, ya gargaɗe shi kada ya zaɓi mafi kyawun dukiyar mutane, ya kuma ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Saboda haka ƙin yarda da adadin da ya wuce haƙƙi abu ne mai asali a addini. Wanda ya ce maka "yi haƙuri kawai ka biya, ai hukuma ce", shi ma bai cika maka nasiha ba.

Kuskure na farko shi ne ya zuba zakka da haraji a tukunya ɗaya. A ƙasar nan hukuma tana karɓar zakka a bisa doka tun 1984, kuma dokar 2001 ta bar aikin a hannun Diwanin Zakka. Haraji da ofishinsa daban, kuɗaɗen ƙaramar hukuma su ma daban. Abin da Shehu ya soka kuɗi ne da ba su da tushe a shari'a, alhali ushurin dawar da ruwan sama ya shayar farilla ce, ko an aiko takarda ko ba a aiko ba. Harajin da ka biya kuma ba ya sauke maka zakka. Don haka kafin ka ce komai, duba kan takardar: daga wane ofishi ta fito, a kan me, na wace shekara? Wanda ba ya karanta Larabci ya kawo masallaci, ɗalibanmu za su karanta masa.

Kuskure na biyu, ya ce a ɓoye. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an tambaya ko mutane za su iya ɓoye dukiya gwargwadon abin da masu karɓar zakka suke ƙarawa, aka ce a'a. Ku haɗa wannan da wasiƙar Abubakar, hanya ta fito fili: ka bayyana abin da kake da shi duka, ka ba da abin da ya wajaba, ka tsaya a kan ƙarin ka ce ban yarda ba. Wanda ya ɓoye buhu goma ya karya hujjarsa da kansa, domin ranar da aka gano su, ko gaskiyarsa ta sauran ba wanda zai saurara.

Na uku, wa'azin bai koya wa kowa lissafi ba, alhali rigimar duk a kan lissafi take. Nisabin hatsi wusuƙi biyar ne, wato sa'i 300, kimanin kilo 653. Idan buhunka na kilo 90 ne, buhu bakwai da ɗan ɗori ke nan. Wanda bai kai haka ba, babu zakka a kansa. Gonakinmu na damina ne, don haka ɗaya bisa goma ne. Wanda ya shayar da injin ban-ruwa, rabin haka. Riɗi kuwa a mazhabar Malik yana cikin abin da ake yi wa zakka, kada wani ya ruɗe ku. A ce ka sami dawa buhu 40, takarda ta nemi buhu 7. Haƙƙin da ke kanka buhu 4 ne, jayayyarka a kan 3 take. Mai wa'azin ya sa ka riƙe bakwai ɗin duka, huɗu daga ciki kuwa na miskinai ne, ga 'yan'uwanmu da yaƙi ya koro tun 2023 suna zaune a tsakaninmu.

Ga hujjar da ya kamata ya ba ku, bai bayar ba. A wurin malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halilu, ƙiyasta amfani tun yana kan itace a dabino da inabi ake yinsa, kuma ko a can idan annoba ta faɗa bayan ƙiyasi ana lura da ita. Hatsi kuwa awo ake yi masa bayan sussuka da shiƙa. Saboda haka idan an lissafa maka bisa yawan fadan da ka noma, amma jan-baki ya cinye dawar ko ruwa ya doki riɗin bayan yanka, kana da magana mai ƙarfi: zakka tana kan abin da ya shiga buhu. Amma fa kada ka ce "ana bi na bashi, don haka babu zakka" ka jingina wa Malik. Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta bayyana cewa bashi ba ya kayar da zakkar hatsi da dabbobi. Akwai malaman da suka ga a cire bashin da aka ci don noman kansa, kamar Imamu Ahmad. Wanda zai kafa hujja da wannan ya faɗi mai maganar.

To yaya za a yi? Ka adana takardar kamar yadda kake adana takardar gona. Ranar awo ka kira maƙwabta biyu adilai su ga yawan buhuna, a rubuta da kwanan wata, mai injin sussuka ma yana da nasa lissafi. Ka biya abin da ba ka jayayya a kansa, ka karɓi isal mai hatimi. Sannan ka rubuta kukanka a kan ƙarin, ka kai ofishin da ya aiko takardar da wuri, ka tambayi wa'adin kai kuka da wanda ake ɗaukakawa gare shi idan ba ka gamsu ba, ka riƙe kwafi. Ka yi magana da ladabi, domin Muslim ya ruwaito umarnin a kyautata wa mai karɓar zakka ya koma yana mai yarda. Kada kuma ka sa hannu a aljihu don a rage maka a ɓoye. Ɗalibai sun san hadisin Ibnul Lutbiyya, ma'aikacin zakka da ya dawo da abin da ya ce kyauta aka ba shi, Annabi ya hau mumbari ya yi inkarin haka.

Dattijon nan mun liƙa masa takardarsa, maƙwabtansa biyu sun sa hannu a kan yawan abin da ya girbe, ɗaya daga cikin ɗalibanmu zai raka shi. Ga mai wa'azin kuma muna cewa: Malam, kishin talaka da muka ji a muryarka abin yabo ne, amma ka koma babin zakka ka sake dubawa, sannan ka aika gyara ta hanyar da ka aika na farko.

Duk mai irin wannan takarda ya same mu a zaure bayan Magariba ranar Asabar, ya zo da ita ba a yage ba. Allah ne mafi sani. Allah ya sa albarka a amfaninmu, ya tsare mu daga zalunta da kuma a zalunce mu, ya dawo wa ƙasarmu da zaman lafiya. Amin.