Gwanin Garmar Shanu

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Tsafe da sassafe, bayan ruwan shuka ya sauka, zai ga bijimai biyu cikin karkiya ɗaya, yaro na jan igiya a gaba, magidanci na riƙe da garma a baya. Daga kan titi sai ka ce tafiya kawai suke yi. Sai ka kama hannun garmar kake sanin aikin gwanaye ne.

Kakanninmu da garmar hannu suka san huɗa. Ta shanu a zamanin Turawa ta shigo, a ƙarshen shekarun 1920, lokacin da malaman gona suka riƙa bai wa manoma rancen bijimai da garma ta hannun En'e. Auduga da gyaɗa Bature yake so, ga jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa da Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Amma manomi ya karɓi abin ya mayar da shi nasa, har maƙeranmu suka iya ƙera bakin garma.

Gwanintar tun daga zaɓen shanu take farawa. Ba a haɗa dogo da gajere, ba a haɗa mai zafin nama da rago, don karkiya za ta karkace, wuyan ɗaya ya yi miki. A huda musu hanci, a saba musu da jan gungumen icce, kafin su taɓa ganin garma. Gwani ba ya yawan ɗaga bulala; muryarsa suka sani.

Sai kunyar farko, wadda ita ce uwar sauran. In ta karkace, gona duka ta karkace. Dubi hannun gwani: ba danna garmar yake yi ba, saita ta yake yi, yana jin taurin ƙasa a tafinsa. Da bakin ya ci karo da saiwa ko dutse, ya ɗan kwantar da ita ta wuce. A gonakin gindin duwatsu, irin na Kwatarkwashi, yakan gitta kunya ta tare gangare, ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa maimakon ya kwashe taki. Hantsi na dubawa ya kwance shanun, ya ba su harawa da dusa da ɗan kanwa. Ni wannan tausayin nake fara dubawa kafin in kira mutum gwani.

A Wiliyamsbog ta jihar Bajiniya a Amurka, kuɗi ake biya a shiga kallon shanu cikin karkiya, don a ga rayuwar mutanen da. Mu nan da noman shanu ake ciyar da gida. Sai dai ɓarayin daji sun kore shanun noma da yawa a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, wasu manoman kuma sun sayar da nasu kafin a ƙwace. Akwai gidajen da garma ke jingine a zaure yau, yaran da ya kamata su koyi jan igiya suna tasowa a gudun hijira.