Yaron Bama: littafi kan ƙaramin soja

Ya kai mai karatu, in ka tashi daga Birnin Ƙwanni da safe ka yi kudu, kafin rana ta yi zafi ka shiga Illela ta Najeriya. A zamanin Turawa, wagga iyaka ita ta raba ƙasar Faransa da ta Ingila. Lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, Ingila ta ɗebi sojoji da yawa a ƙasar Hausa, har da waɗanda suka ƙetara daga wajenmu. Ta kai su Bama, can gabas da Indiya, don su yaƙi Japan. Yau ana kiran ƙasar Miyanma.

Akwai littafi kan waɗannan mutane. Sunansa Burma Boy, wato Yaron Bama. Biyi Bandele ya rubuta shi da Ingilishi, ya fito a 2007. An haifi Bandele a Kafanchan a 1967, ya rasu a 2022. Mahaifinsa ya yi yaƙin Bama, saboda haka labarin daga gida ya fara jin sa.

Ƙagaggen labari ne, amma yaƙin gaskiya ne. Ali Banana yaron maƙeri ne, bai kai shekara 15 ba. Ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja. A 1944 aka sauke su da jirgin sama cikin daji, bayan dagar abokan gaba, daga nan suka isa wani sansani da ake kira White City. Muƙaminsa farabiti, wato babu na ƙasa da shi.

Abin da na yaba shi ne wanga: marubucin ya bar ƙananan sojoji sun yi magana da bakinsu. Ali mai surutu ne, ga karin magana kamar tsoho. Suna gardama, suna tsokanar juna, suna jin yunwa, suna tsoro da dare. Ka san irinsu a kasuwar Malbaza. Akwai kuma Samanja Damisa, wanda ya riƙe Ali kamar ɗan cikinsa. Da ka saba da su, sai a fara kashe su. Damisa ma bai fita dajin ba. A nan littafin ya yi ƙarfi ƙwarai, don mutuwar wanda ka yi dariya da shi ta fi ciwo.

To, amma ina da ƙorafi. Littafin bai fara da Ali ba. Ya fara da Janar Wingate, Baturen da ya shirya irin wanga yaƙi na daji, ya kuma mutu a haɗarin jirgin sama a Maris 1944. Shi an riga an rubuta littattafai a kansa. Me ya sa ko a littafin farabiti sai janar ya shiga gaba?

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Labarin ya ƙare a Bama. Bai biyo mu gida ba. Wa ya je ya gaya ma uwa? Yaushe mata ta fara takaba, tun da babu wanda ya ga gawa? Ranar da na ba da wanga labari a ajinmu na yaƙi da jahilci, wata dattijuwa ta ajiye alli ta ce: "Malam, ƙanen babana ya tafi, har yau ba mu ji ba." Kakarta, in ji ta, ta mutu tana ajiye masa gero. Rabin labarin ke nan, kuma babu shi cikin littafin.

Na gaya mata abin da na sani. Kusa da birnin Yangon akwai maƙabartar yaƙi ta Taukiyan. A can an sassaƙa sunaye kusan 27,000 a dutse, na sojojin da ba a san kabarinsu ba, kuma akwai ƴan Afirka ta Yamma cikinsu. Da baƙaƙen boko aka rubuta su, irin waɗanda kake karantawa yanzu. Sai ta ɗauki allinta ta ce in nuna mata yadda ake rubuta sunan baffanta.