Jinjina ga Mawaƙan Pansori

Haƙiƙa duk wanda ya ɗanɗani wahalar neman ilmi wajibi ne ya jinjina wa mawaƙan pansori na ƙasar Koriya, musamman na yankin Jeolla, inda almajiri kan ƙaurace wa jama'a ya tare a gindin ruwa mai kwararowa daga dutse, yana ta ɗaga murya har ta dishe, domin sautinsa ya rinjayi rugugin ruwan. In ya ƙware, sai ya miƙe shi kaɗai, mafici a hannu, makaɗi guda na zaune yana zuga shi, ya rera ƙissar Chunhyang, wadda mawaƙi Park Dong-jin ya shafe sa'a 8 yana rerawa a 1969. Cikin ƙissoshi 12 na asali 5 suka wanzu, har yau kuwa baki da baki malami ke biya wa almajirinsa su.