Girkin Zongo da hotonsa

A Zongon Kwatano akwai gwaninta biyu da yanzu suke zaune a tsakar gida ɗaya: iya girka shinkafa da wake, da iya ɗaukar hotonta da wayar hannu yadda mai kallo zai ji yunwa ta taso masa. Ta farko tsohuwa ce. Ta biyo fatake tun zamanin da ayarin goro ke ratsa Nikki da Parakou da Djougou zuwa Gwanja, suna yada zango a hanya. Ta biyu kuwa ta jiya-jiya ce, kuma galibi a hannun 'yan mata take. An fi ganin haɗuwarsu a babban hutun makaranta, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da yara ke gida suna taya iyaye aiki.

Wanda bai taɓa ɗora sanwa ba zai ɗauka shinkafa da wake girkin kowa ne. Gwana ta san wake da shinkafa ba sa nuna tare. Wake ake fara zubawa, bayan an tsince shi an wanke, da ɗan gutsuren kanwa da karan dafi. Kanwa ke tausasa wake, ita ce kuma ke jawo jan launin karan dafi ya sauka cikin ruwa. Idan ta yi kaɗan wake ya ƙi nuna, idan ta yi yawa abinci ya caɓe, ɗanɗanonsa ya ɓaci. Ba a auna ta da cokali. Ido ba mudu ba, ya san kima. Sai wake ya kusa nuna, ana matsa ƙwaya da yatsa tana fashewa amma da sauran ƙarfinta, sannan a tsame karan dafin a zuba shinkafa. Da ruwa ya tsotse sai a janye gawayi, a rufe tukunya ruf, a bar tururi ya ƙarasa aikin. Abin da ake nema shi ne a buɗe a tarar da ita wara-wara, ja-ja, ba ƙauri.

Maƙwabta 'yan ƙasa suna kiran wannan abinci atassi, kuma daga wurinsu matan Zongo suka ƙara kaifin soyayyen tumatir: albasa da tumatir da attarugu da ɗan garin busasshen jatan-lande, a soya a hankali har tsami ya mutu, mai ya taso sama. A gefe ga yaji na gida, mai ƙuli-ƙuli da citta da masoro. Sannan ga wagashi, cukun da matan Fulani na arewacin Benin ke yi da madarar shanu da tumfafiya, wanda ake samu a kasuwa da jan bayansa. Mai hankali takan fara tafasa shi da gishiri don ya yi tauri ya kuma jure zafin gari, kafin ta yanka ta soya. Ba ya narkewa a mai, sai dai ya yi ɓawo a waje, cikinsa da laushi.

Nan ne 'yar gida ke shigowa da waya: “Inna, dakata, kar ki rufe tukuna.” Wayar ba mai tsada ba ce, Tecno ce ko Itel ko Infinix. Kyamarar irin waɗannan wayoyi ƙarama ce ƙwarai, saboda haka duk kyan hoto ya dogara ga haske. Yarinyar da ta iya ba ta kunna fitilar waya, domin tana sa mai ya riƙa ƙyalli, abincin ya fito a daskare. Ba ta kuma ɗauka a ƙarƙashin ƙwan lantarki, wanda ke sauya launin miya. Takan kai farantin bakin ƙofa ko inuwar baranda, inda haske ke shigowa ta gefe guda. Kwatano na kusa da tsakiyar duniya, ranar azahar tana dukan kai tsaye tana yin inuwa mai kauri, don haka hantsi da bayan la'asar sun fi. Watan Agusta kuwa alheri ne ga mai hoto: ruwa ya ɗan tsagaita, gari ya yi sanyi, gajimare ya lulluɓe rana ya tace haskenta.

Kafin ta danna, sai ta goge gilashin kyamara da gefen mayafi, saboda laimar teku da tururin mai suna barin hazo a kansa. Ba ta jawo hoto da yatsu, tunda hakan na dusashe shi. Ita ce ke matsawa kusa. Takan taɓa allon a daidai kan wagashi don kyamara ta tsaya a nan, sannan ta ɗan rage haske kar farar langa ta kashe ido. Tire mai kwanoni da yawa daga sama ake ɗaukarsa. Malmalar tuwo ko tulin shinkafa kuwa daga gefe, don tudun ya fito. Idan ana son tururi ya bayyana, dole bayan farantin ya zama da duhu, haske kuma ya biyo ta baya, a kuma yi sauri kafin abinci ya huce.

Wannan ƙwarewa tana da amfani a fili. Hoton da aka ɗora a WhatsApp yana yini ya kwana, kuma kafin azahar saƙo ya fara shigowa daga shaguna da bakin babban masallacin Zongo: “Hajiya, a ajiye mini kwano biyu.” A zuba a kula, a miƙa wa ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa mai rawayar riga, ya kai. Wani hoton kuma ba na ciniki ba ne. Na kaka ne da ke Maraɗi ko Dosso ko Sakkwato, wadda za ta duba ta ga jikarta ta iya tuƙa tuwo ba gudaji. Gani ya kori ji.

Abin da ya fi burge ni shi ne gaskiyar waɗannan hotuna. Unguwa ɗaya kuke da mai saye, gobe zai dawo, don haka ba a ƙara wa miya jan da ba nata ba, ba a jera naman da ba za a zuba ba. Hoton ba zai wuce girkin kyau ba, shi ya sa yarinyar da ke son hotonta ya yi fice take komawa gindin murhu ta tambayi yawan kanwa da lokacin rage wuta. Iyayen da ke ganin riƙe waya a wurin girki shiririta ce, ya kamata su ba 'ya'yansu wannan ɗan lokacin, sannan su miƙa musu ludayi.