Fujer ta Littafi da Fujer ta Tabki: Sharhi a kan Koyar da Rabe-raben Tsirrai ga Malaman Gobe

Gabatarwa

A wannan ƴar takarda muna so mu yi sharhi a kan wata dabara da ta samu karɓuwa wajen horar da malaman ilimin halittu. Dabarar ita ce a ba ɗalibi ganyen fujer tare da jadawalin tambayoyi masu amsa biyu, i ko a'a, ya bi su har ya kai ga sunan tsiron, sannan a ce an koya masa zurfin tunani. A ganinmu bin jadawali yana horar da ido, amma tunani yana farawa ne a inda jadawalin ya kasa. Za mu kafa hujja da yanayin ƙasar Adar.

1. Matsalar misali

Fujer tsiro ne marar fure da ƴaƴa, wanda ke yaɗuwa ta hanyar wata ƙura da ake kira spore da Faransanci. Misalin da littattafan Faransa suka saba bayarwa shi ne polypode, mai ganye kamar gashin tsuntsu da ɗigo-ɗigo a bayansa inda ƙurar take taruwa. Wannan tsiro na inuwa ne da danshi. Malamin da aka tura Afala, arewa da birnin Tawa, inda ruwan shekara bai cika kaiwa milimita 500 ba, ba zai same shi ya nuna wa yara ba. Ko agugu da Dalziel ya ambata a ƙamus ɗinsa na tsirran Hausa na 1916, wato saiwar fujer da ake sha don maganin tsila, cewa ya yi daga wajen Adamawa ake kawo shi. Sakamakon haka darasin yakan tsaya ga zane a allo da hadda.

2. Abin da tabki yake koyarwa

Duk da haka Sahel tana da fujer tata. A tabkunan damina, irin waɗanda ke cika a Adar su ƙafe da rani, akan sami Marsilea, mai ganye huɗu a kan sanda guda. Ɗalibin da ya riƙe siffar littafi zai ce ciyawa ce, domin bayan ganyenta babu ɗigo ko ɗaya. Ƙurarta tana cikin wani ɗan ƙoƙo mai tauri da ke fitowa kusa da gindi idan ruwa ya janye, wanda kan jure fari na shekaru. Haka kuma ganyen da ke yawo a kan ruwa ya bambanta da wanda ya tsiro a taɓo, alhali tsiro ɗaya ne. Shi ya sa Launert, a nazarinsa na 1968 a kan Marsilea ta Afirka, ya fi dogara ga siffar ƙoƙon wajen rarrabe jinsuna.

A nan ne ɗalibi yake fuskantar tambayoyi na gaskiya: wace siffa ce gado, wace ce aikin muhalli? Me ya sa za a fifita ƙoƙo a kan ganye? Jadawali ba ya yin waɗannan tambayoyi, saboda wanda ya tsara shi ya riga ya amsa su a madadin ɗalibi.

3. Rabe-rabe ma yana da tarihi

A 1753 Linne ya haɗa fujer da gansakuka da naman kaza a aji guda, na tsirran da haihuwarsu take ɓoye. A 1851 Hofmeister ya bayyana yadda rayuwar fujer take da zango biyu masu karɓa-karɓa. A 2001 binciken ƙwayoyin gado na Pryer da abokan aikinta ya nuna cewa fujer ta fi kusa da tsirrai masu iri a kan lycopode da aka daɗe ana haɗa ta da shi saboda kama. Kama da wane ba ta wane. Malamin da bai san wannan tarihi ba zai koyar da rabe-rabe kamar hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Kammalawa

Ba mu ce a yar da nazarin siffa ba, domin shi ne abin da malamin karkara zai iya yi da gilashin ƙara girma kaɗai. Shawararmu ita ce a juya tsarin. A kai malaman gobe bakin tabki, kamar na Tabalak, sau biyu, a watan Agusta da kuma bayan janyewar ruwa. Su tara samfuri, su tsara jadawalinsu da kansu, wani rukuni ya gwada na wani, kowa ya kare siffar da ya zaɓa. A wajen jarrabawa kuma a ba hujja maki fiye da sunan Latin da aka rubuta daidai.