Shirun da ke cikin «La Captive du désert»

A shekarar 1990 Raymond Depardon, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Faransa, ya fito da fim ɗinsa mai suna La Captive du désert, wato kamammiyar hamada, aka kuma nuna shi a gasar finafinai ta Cannes a wannan shekara. A ƙasarmu aka ɗauke shi, can arewa maso gabas wajen Jado, kuma in ban da Sandrine Bonnaire da ta fito a matsayin Baturiyar da aka tsare, sauran mutanen ciki Tubawa ne waɗanda wasan kwaikwayo ba sana'arsu ba ce. Wannan kaɗai ya isa ya sa malamai da ƙungiyoyin al'adu da ke haɗa matasa kallon sinima su waiwaye shi. Sai dai kafin a kafa majigi, ya kamata a san abin da fim ɗin ya nuna da abin da ya yi shiru a kansa, domin kuwa shirun ya fi maganar yawa.

Mu fara da ba shi haƙƙinsa. Fim ɗin ya buɗe da ayarin raƙuma yana ratsa sararin hamada a hankali, na'urar ɗaukar hoto tana tsaye wuri guda ba ta bin kowa. Haka ya ci gaba har ƙarshe: magana kaɗan ce, kowane hoto yana daɗewa har mai kallo ya fara jin nauyin rana da tsawon yini. Ba a faɗi sunan matar ba, ba a faɗi ƙasar ba. Muna ganin ta tana zaune, tana tafiya bayan ayari, tana wasa da yara, ta yi ƙoƙarin gudu hamada ta gagare ta. Depardon bai mai da masu tsaron ta dodanni ba. Mutane ne masu kunya da haƙuri, waɗanda ƙishirwar da take ji su ma ita suke ji. Wanda ya san yadda sinimar Turai ta daɗe tana nuna mutanen Sahara zai yaba wannan ladabi. Kuma ba kasafai fim ke iya nuna cewa babbar azabar wanda aka tsare ita ce jira ba.

To amma jiran me take yi? A nan ne fim ɗin ya rufe baki, alhali labarin da aka gina shi a kai sananne ne. A daren 21 ga Afrilu 1974 ƴan tawayen arewacin Cadi, ƙarƙashin Hisen Habre da Gukuni Weddeye, suka kai hari garin Bardai a tsaunukan Tibesti. Suka kama Turawa uku: Françoise Claustre, mai binciken kayan tarihi, Marc Combe, ma'aikacin hukumar Faransa mai taimaka wa Cadi gyaran tsarin mulki, da wani likita Bajamushe, Christoph Staewen, wanda matarsa ta rasu a cikin harin. Abin da ƴan tawayen suka nema a farko shi ne a saki fursunonin siyasa da gwamnatin Tombalbay ke tsare da su, a biya kuɗin fansa, a kuma watsa sanarwarsu a rediyo. Daga baya suka ƙara da makamai. Jamus ta Yamma ta biya ba tare da jan lokaci ba, aka saki likitan a watan Yuni 1974, gwamnatin Cadi ta fusata har ta yanke hulɗa da ita. Faransa kuwa ta sami kanta tsaka mai wuya, domin sojojinta suna Cadi suna dafa wa gwamnatin da ƴan tawayen ke yaƙa. Da wane baki za ta ba su bindiga?

Abin da ya biyo baya ciniki ne na wata 33. A cikin masu kai da kawowa akwai wani hafsan sojan Faransa, kwamanda Pierre Galopin, wanda ya taɓa aiki da hukumar leƙen asirin Tombalbay. Ƴan tawayen suka ɗauke shi ɗan leƙen asiri da ya zo raba kansu, suka tsare shi a watan Agusta 1974, suka kashe shi a watan Afrilu 1975, kwanaki kaɗan kafin sojoji su kifar da Tombalbay. Marc Combe ya sami kuɓuta da kansa a wannan shekara. Mijin Françoise, Pierre Claustre, da ya ga gwamnatinsa tana jan ƙafa, ya shiga neman mafita da kansa, shi ma aka riƙe shi a watan Agusta 1975. A watan Satumba Faransa ta kai faran miliyan 4 na kuɗinta har Tibesti, amma ba a saki kowa ba, domin makaman da ake so ba su zo ba. Sabuwar gwamnatin Janar Malloum, ganin Paris tana ciniki da maƙiyanta a bayan idonta, ta umarci sojojin Faransa su bar ƙasar. Sai da Habre da Gukuni suka raba gari a watan Oktoba 1976, musamman a kan batun Libiya, sannan Gukuni ya miƙa mata da mijin ta hannun Kaddafi, aka sake su a Tarabulus a ƙarshen Janairu 1977.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya cikin fim ɗin. Babu Galopin, manzon da aka aika ya ceto wasu ya bar ransa a can. Babu fursunonin Njamena, waɗanda sakinsu yana cikin sharuɗɗan farko, kuma su ma suna da iyalai masu jira. Babu dalilin tawayen, wanda ya samo tushe daga wulaƙancin da sojojin gwamnati suka yi wa mutanen Bardai bayan da Faransa ta miƙa mulkin arewa a 1965, har Derde, sarkin Tedawa kuma mahaifin Gukuni, ya yi hijira zuwa Libiya a 1966. Da aka cire duk wannan, me ya rage? Baturiya ɗaya, da rairayi, da wasu mutane masu rawani waɗanda ba a san abin da suke so ba. Sunan fim ɗin ma ya faɗi haka: hamada ce ta kama ta. Ita kuwa hamada ba ta neman fansa, ba a zama da ita a tattauna, ba a tuhumar ta da laifi.

Illar wannan zaɓi ita ce ya farfaɗo da tsohon kallon da ake yi wa mutanen Sahara, na cewa ƙabilu ne da ke bin sarakunansu a wajen tarihi. Amma waɗanda Faransa ta yi ciniki da su ba haka suke ba. Habre ba basarake ba ne. A Paris ya yi karatun shari'a da na siyasa, ya san yadda jaridun Faransa ke aiki, ya kuma san farashin hawayen Baturiya a talabijin. Gukuni ɗan Derde ne, amma da mahaifinsa ya sasanta da gwamnatin Malloum ya koma gida a 1975, ɗan bai ajiye makami ba. Wato ikon gargajiya yana nan, amma ba shi ke yanke hukunci ba. Ƙungiyar siyasa ce mai bindiga da lissafi. Duk wanda ya zo neman sulhu yana zaton da dattawan ƙabila zai zauna, ya riga ya ɓata hanya tun kafin ya sauka daga raƙumi. Fim ɗin da ya ladabta fuskar Tubawa ya hana su abu guda da ya fi muhimmanci, wato bakin faɗin dalilinsu, mai kyau ne ko mummuna. Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Abin da ya ƙara wa wannan shiru nauyi shi ne Depardon ba baƙo ba ne a cikin al'amarin. Shi ne ya shiga Tibesti ya yi hira da Françoise Claustre tana tsare, kuma hirar da aka nuna a talabijin ɗin Faransa a watan Satumba 1975 ita ce ta tada hankalin jama'a ta matsa wa gwamnati ta kai kuɗin. Ashe na'urarsa tana cikin kayan cinikin: ta taimaki wadda aka tsare, ta kuma ɗaga farashinta. Ga tambaya mai girma ga duk mai ɗaukar hoto, kuma babu wanda ya fi shi cancantar ya yi ta. Bai yi ta a wannan fim ba. Haka kuma a lokacin da aka nuna fim ɗin a Cannes, Habre shi ne shugaban Cadi, sojojin Faransa kuma suna ƙasar suna kare gwamnatinsa daga Libiya. Mutumin da ya tsare Claustre ya zama abokin Paris. A watan Disamba 1990 aka kore shi daga mulki. A 2016 wata kotun musamman ta Afirka a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai saboda laifukan da aka yi wa ƴan Cadi a zamaninsa. Ya rasu a 2021. Dubban da suka shiga gidajen kasonsa ba su sami jirgin da zai kai musu fansa ba.

Mai kare fim ɗin zai ce aikin fasaha ba littafin tarihi ba ne, kuma wadda aka tsare ita kanta ba ta san yawancin abin da ake ƙullawa a kanta ba, saboda haka duhun da mai kallo ke ciki shi ne duhun da take ciki. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ita ce ta sa fim ɗin bai faɗi ba. Sai dai ta fi dacewa da mai kallo a Faransa ta 1990, wanda ya san labarin tun yana sabo, zai kuma cike gurbin da kansa. Ɗalibi a Damagaram ko Tawa ba shi da wannan guzuri. Abin da zai gani shi ne ƙasarsa ta zama shimfiɗar hoto, maƙwabtansa sun zama ado.

Don haka a nuna fim ɗin, domin ya cancanci kallo, amma kada a nuna shi shi kaɗai. Malami ya fara da taswirar Tibesti da jerin shekarun nan, ya ambaci littafin da Pierre Claustre ya buga a kan al'amarin a 1990, sannan bayan an kashe majigi ya tambayi ɗalibai: wa ya biya, wa ya karɓa, wa aka saki, wa aka bari a ɗaure? Yankinmu ya sake ganin kama baƙi da cinikin fansa, kamar yadda aka yi a Arlit a 2010, kuma matasan da za su yi hukunci a kan irin waɗannan labarai suna bukatar su saba da neman sunayen da ba a ambata ba.